Cocin da aka hana wa dutse

Da littafin zane da fensir na sauka a Shwidnitsa, kudu maso yammacin Foland, na ware wa Cocin Zaman Lafiya awa ɗaya rak. Da na hango shi sai gwiwata ta yi sanyi. Farin bango ne da baƙaƙen katakai sun gitta shi, babu hasumiya a kansa, kai ka ce wani ƙaton sito ne. Na zauna na zana abin da na gani, zanen ya fito lami.

Laifina ne, don ban karanta sharuɗɗan da aka gina shi a kansu ba. Bayan yarjejeniyar Westfaliya ta 1648, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin shekara 30, Sarki Fadinan na 3, ɗan Katolika mai mulkin wannan yanki na Sileshiya a lokacin, ya yarje wa mabiya Luta, wato Furotesta na yankin, coci uku kacal. Amma fa a bayan ganuwa, da katako da laka da ciyawa, ban da dutse, ban da hasumiya, kuma a gama cikin shekara guda. Ni dai a ganina so aka yi su rushe da kansu. Na garin Gwoguf ya ƙone a 1758. Na garin Yawor da wannan, wanda aka gina daga 1656 zuwa 1657, suna nan daram, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Da na shiga ciki sai na saki baki. Benaye ne bisa benaye sun zagaye zauren, ko'ina zane da ruwan zinariya, har rufin bai tsira ba. Wurin yana ɗaukar mutum 7,500. Na daɗe ina neman inda zan fara, na yaga takarda biyu, kafin na lura cewa yawancin kujerun nan an jera su ne don a ga mumbari. Wa'azi ne ƙashin bayan ibadarsu, saboda haka aka yi ta tara jama'a sama-sama inda murya za ta kai, tunda a lokacin babu lasifika. Da na kafa mumbarin a tsakiyar takarda, sauran ginin ya bi layi da kansa. A gefen mumbarin akwai agogon yashi na auna tsawon wa'azi. Wannan ya ba ni dariya, ashe mai dogon bayani ba yau aka fara fama da shi ba.

Hasumiyar ƙararrawa kuwa na same ta a gefe, ita kaɗai, don sai daga baya aka samu izini, aka gina ta a 1708. Ita ban zana ba. Sanyin cikin cocin ya riga ya daskarar mini da yatsu, awa ɗayan ta zama huɗu, jirgin ƙasan da na yi niyyar hawa kuma ya daɗe da tashi.