Ga mai targaɗe da ya ƙosa ya taka zuwa fadama

Ƙannena, musamman 'yan ƙwallo da masu hawan babur, targaɗen idon sawu ba ya warkewa ranar da zafi ya ɗauke. Zafin yakan tafi ya bar jijiya da sauran rauni. Ƙaramin targaɗe kan ɗauki mako 1 zuwa 3, wanda jijiya ta yage sosai kan ci watanni, ƙashi kuwa idan ya tsage yana neman mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Ni ban tsaya wannan lissafi ba. Da na ga ina zuwa masallaci ba ɗingishi, sai na bi abokai shan iska wajen Kwalkwalawa a nan Sakkwato, cikin gonakin albasa na fadamar Rima, da silifa a ƙafata. Har ƙwayar kashe zafi na haɗiya kafin mu tashi, don kada a ce na cika raki.

Ƙwayar nan ita ta fi cutata. Zafi shi ne mai ce maka tsaya, ni kuma na rufe masa baki. Kada ka sha maganin zafi don ka iya tafiya. In sai da shi za ka taka, to lokacin fita bai yi ba.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ƙasar da ake takawa ta fi nisa muhimmanci. Fadama da rani laka ce da ta bushe ta daddare, ga sawun shanu ya sandare rami-rami, ga kunyoyi da 'yan hanyoyin ban ruwa da sai an tsallaka. Ƙafar da ta yi targaɗe ba ta saurin gane ta karkace, kafin ta gyara kanta ka riga ka ɗora mata nauyi. Haka tawa ta sake gurɗewa a bakin wani sawun saniya da bai fi tafin hannu ba, jinya ta dawo sabuwa. Rairayi ma, duk taushinsa, wahalar da agara yake yi. Fara da wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe: kewayen filin wasa na Giginya, ko daga Fada zuwa Hubbaren Shehu bayan asuba, kafin 'yan kabu-kabu su cika hanya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ƙafa kuma ta fi kumbura cikin zafi, don haka fitar hantsi ba taka ba ce.

Kafin ka fita, gwada kanka a ɗaki. Tsaya kan ƙafar mai ciwo ita kaɗai na daƙiƙa 30, kusa da bango. Yi ɗage sau 10. Ka kuma lura da zaman tahiya: in har yanzu sai ka miƙe ƙafar gefe, ba ta shirya wa kunyoyin gona da gangare ba. Wanda kuwa ranar da abin ya faru ya kasa yin taku huɗu, ko yake jin zafi kan ƙashin kansa in an danna, ya je a yi masa hoto. Ba raina maɗora nake ba, amma hannu ba ya ganin tsaga.

Sa takalmi sau-ciki mai igiya, don ƙarangiya da tsidau kaɗai sun isa su sa ka yi tsallen da ba ka shirya ba. Riƙe sanda, ko da abokai za su kira ka tsoho, a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na ƙafar mai ciwo ba. Garin namu a kan tudu yake, zuwa fadama sai an gangara: wajen sauka mai ciwo ke gaba, wajen hawa mai lafiya.

Ka juyo tun ƙafar na maka daɗi, domin komawa rabin tafiya ce, kuma kada ka nausa inda babur ba zai iya shiga ya ɗauko ka ba. Sakamako sai da safe ake ganinsa. In ka tashi takalmi ya matse, ko idon sawu ya ɓace cikin kumburi, ɗora ƙafar kan matashi, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka huta har ya saɓe, sannan fita ta gaba ka rage nisan da rabi.