Bashin ƙungiyar unguwa da bashin banki: wa ake fara biya idan gida ya shiga gwanjo a Nebada

Aikin ƙaramin ofishinmu a Las Vegas, jihar Nebada ta Amurka, shi ne binciken takardun gida kafin a saya. Mai son sayen gida a gwanjo yana kawo mana adireshi, mu kuma mu shiga rajistar filaye ta gundumar Clark mu tono duk wanda yake bin gidan bashi, mu jera su bisa wanda doka ta sa gaba. Jerin nan ne ke nuna ko mai saye zai mallaki gidan fes, ko zai gaji bashin da ya fi ƙarfinsa.

Ƙa'idar asali a Amurka ita ce wanda ya riga shigar da takardarsa rajista shi ake fara biya. Harajin gida na hukuma yana gaban kowa. Bayansa yawanci bankin da ya ba da kuɗin sayen gidan ne, sai jingina ta biyu idan akwai, sai sauran masu bin bashi. Idan na gaba ya yi gwanjo, haƙƙin na bayansa a kan gidan ya faɗi. Idan na baya ne ya yi, bashin na gaba yana nan daram a wuyan gidan.

Ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda ake kira HOA, ita ce ta karya wannan tsari. Kowane mai gida yana biyan ta kuɗin wata don shara, fitilu, gyaran hanyoyin ciki da makamantansu. A 1982 aka fitar da wani daftarin doka da jihohi za su iya ɗauka, wanda ya sa kuɗin wata 6 na ƙungiya a gaban bashin banki. Dalilin mai ƙarfi ne: idan banki ya ja ƙafa shekara biyu bai yi gwanjo ba, maƙwabta ne ke ɗaukar nauyin gidan da ba a biya masa. Dokar Nebada, sashe na 116.3116, ta kai shi wata 9.

An daɗe bankuna suna ɗauka cewa wannan fifiko na rabon kuɗi ne kawai, wato idan sun sayar sai su cire wa ƙungiya nata. A watan Satumba 2014 Kotun Ƙolin Nebada, a shari'ar SFR Investments da U.S. Bank, ta ce idan ƙungiya ta yi gwanjo a kan wannan kaso na wata 9, jinginar banki ta farko ta mutu. Gidan da ake magana a kansa an saye shi dala 6,000, alhali bashin da aka ci a kansa dala 885,000 ne. A shekarar ce kuma kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar Chase Plaza.

To amma wanda ya ji wannan ya ruga gwanjo da ƴan dubbai, mai yiwuwa shari'a ya saya. Abu uku muke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma nan ne aikin yake cin lokaci.

Na farko, shin an biya kason wata 9 kafin ranar gwanjo? Idan kuɗin wata dala 60 ne, kason dala 540 ke nan, sai kuɗin da ƙungiya ta kashe wajen kawar da ɓarna a gidan idan akwai. A 2016 Kotun Ƙolin Nebada ta bayyana cewa, a ƙarƙashin dokar da ake bi kafin gyaran 2015, kuɗin lauyoyi da na masu karɓar bashi ba sa cikin kason; gyaran kuwa ya shigar da wani ƙayyadadden kuɗin karɓar bashi a ciki. A 2018 kuma ta ce idan banki ya miƙa cikakken kason, ko da wakilin ƙungiya ya ƙi karɓa, jinginarsa ta tsira. Wahalar ita ce a tsofaffin gwanjo wannan biya sau da yawa ba ya fitowa a rajista. Dole a nemi littafin asusun ƙungiya wata-wata da wasiƙun da suka shiga tsakaninta da lauyoyin banki. Ceki guda da aka mayar ya isa ya bar mai saye da bashin dubban ɗaruruwa.

Na biyu, wa ya mallaki bashin a zahiri? Sunan da ke rajista sau da yawa na kamfanin da ke karɓar biyan wata ne. Idan Fannie Mae ko Freddie Mac, manyan kamfanonin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna, ne masu shi, dokar tarayya ta 2008 ta hana a kashe haƙƙinsu ba da yardar FHFA, hukumar tarayya da ke kula da su, ba, kuma hukumar ta sanar cewa ba ta yarda. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yankin Nebada ta tabbatar da haka a 2017. Ni a ganina wannan ne ramin da ya fi haɗari, domin takardun gunduma kaɗai ba sa nuna shi.

Na uku, sanarwa. Gyaran dokar 2015 ya wajabta aika wa banki sanarwa da ainihin adadin kason, ya kuma ba banki da tsohon mai gida kwana 60 su fanshi gidan bayan gwanjo. Shi ya sa muke hana masu saye fara gyara ko zuba ƴan haya kafin wa'adin ya cika. Idan kuma hukumar haraji ta tarayya tana bin gidan, tana da kwana 120 nata na fansa.

Kada a ɗauki dokar Nebada a kai wata jiha. A Kalifoniya bashin ƙungiya ba ya tsallake jinginar farko. A Fulorida bankin da ya karɓi gida yana biyan mafi ƙanƙanta tsakanin kuɗin wata 12 da kashi 1 cikin 100 na asalin bashin, amma baƙon da ya saya a gwanjo ana iya bin sa duk abin da ya taru. Ko a Nebada ɗin, kamfanonin inshorar mallaka, wadda ke kare mai saye idan wani ya ƙalubalanci mallakarsa, ba su cika yi wa gidan da ya fito daga gwanjon ƙungiya inshora ba sai kotu ta tabbatar da mallakar, don haka muke sa kuɗin wannan shari'a da watannin jira a cikin lissafi tun kafin mai saye ya faɗi farashin da zai taya.