Kusurwar banɗakin da ta raba ni da ogana

Makon jiya na kwashe kayan aikina daga shagon ogana, bayan shekara 7 ina biye da shi daga wannan gini zuwa wancan. Injin yankan tayil, gudumar roba, lebul, cokula biyu da bindigar silikon, duk buhu ɗaya ya cinye su. Mun yi sallama cikin mutunci, ya sa mini albarka, na yi godiya. Amma yaran da muke aiki tare sun san ba ranar muka rabu ba. Tun wata 8 da suka wuce muka rabu, a wani banɗaki na saman bene, a kan wata tsaga da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba.

Gidan wani Alhaji ne a nan Kano, bene hawa ɗaya, banɗaki 4 a sama. Ɗansa zai tare da amarya, an riga an raba katin biki, saura kwana 12. Muka yi ta aiki har da fitilar waya. Da aka zo cike layin da ke tsakanin tayil, na ce wa oga a ba ni kuɗin silikon in shiga Ƙofar Ruwa in sayo ko da kwalba 6, saboda kusurwoyi da bakin famfo. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake cike kwana da farin siminti. Dama shi da kauri ka tura." Na ce, "To, oga." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma wannan "to" ɗin ita ce ta fi damuna har yau, domin na san abin da zai biyo baya.

Duk mai tayil ya san fila, wanda masu shago ke kira girawut, siminti ne da aka haɗa da launi, wani har da yashi mai laushi. Idan ya bushe dutse yake zama, ba ya miƙewa ba ya lanƙwasa. A tsakanin tayil biyu da ke jikin bango ɗaya ba shi da matsala, don tare suke motsi. Inda bango ya haɗu da daɓe kuwa, ko bango ya haɗu da ɗan'uwansa, ko inda bututu ya fito, abu biyu ne kowa da tafiyarsa. Gini yana motsi ko ido bai gani ba. A watan Afrilu zafin Kano yana wuce digiri 40, dekin ya buɗe. Da hunturu ya matse. Ga ruwan hita mai zafi da ke zuba kullum da asuba, ga sabon gini da bai gama zama ba. Farin simintin da ke kusurwa ba zai iya bin wannan motsi ba, sai ya tsage. Silikon shi kuwa roba yake zama, ya miƙe ya dawo. Shi ya sa kowanne yake da gurbinsa.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Masu gida da yawa sun ɗauka tayil ne ke tare ruwa. Fila yana shan ruwa a hankali ko da bai tsage ba, kuma abin da ke kare dekin shi ne maganin hana ruwa da ake shafawa a ƙasa kafin a ɗora tayil, a ɗaga shi ya hau bango. Ba mu shafa ba. Yana cikin lissafin da aka ba Alhaji, a gabana aka rubuta shi, amma ko robarsa ban gani ba a wurin aikin.

Har nan zan iya cewa umarni na bi. Abin da ya biyo baya kuwa nawa ne, ba wanda zan jingina wa.

Wata 3 bayan biki ango ya kira, ya ce layin da ke ƙasan shawa ya tsage kuma ya yi baƙi. Oga ya miƙo mini kwalbar silikon ɗaya mai araha ya ce in je in shafa in dawo, akwai aiki a wani wuri. Na tarar ba a daɗe da fitowa daga wanka ba, ƙasa jiƙe, bango da santsin sabulu. Na sa tsumma na goge sama-sama, na ja silikon a kan tsagaggen filan nan yadda yake, na shafe da yatsa. Ya yi fari tas, ango ya yi murna har ya ba ni kuɗin mota. Ina saukowa daga bene zuciyata tana faɗa mini ƙarya na yi. Silikon ba ya kama wuri mai laima ko mai maiƙon sabulu, kuma na rufe ruwan da ya riga ya shige ciki ne kawai. Ba a yi wata guda ba ya fara saɓulewa kamar saɓar maciji, ruwa ya ci gaba da bin hanyarsa, yanzu ma a ɓoye.

A falon ƙasa aka fara ganin tabo rawaya a jikin POP, wato farin silin da ke ƙarƙashin dekin. Ya faɗaɗa, ya kumbura, fenti ya yi ƙuraje. POP ba ya shiri da ruwa, jiƙewa yake yi ya yi laushi. Wani dare wani ɓangare ya ɓallo ya faɗo kan kujeru. Allah Ya kiyaye babu kowa a zaune, alhali a nan jikokin Alhaji suke kallo da yamma. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Aka tara mu da safe: Alhaji, oga, mai famfo da ni. Mai famfo ya gwada bututunsa a gaban kowa, babu inda ke yoyo. Sai oga ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran yanzu ne, in ba ka tsaya a kansu ba sai sun kunyata ka. Komai na ba shi." Alhaji ya dube ni ya ce, "Yaro, kai ne?" A sana'armu yaro ba ya ƙaryata ubangidansa a gaban mai aiki, haka muka taso. Na ce, "Ni na yi aikin, Alhaji." Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi rabin gaskiyar ba. Kuɗin gyaran daga haƙƙina aka riƙa cira har wata 3, a lokacin da matata ke da tsohon ciki.

Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in yi gyaran ni kaɗai, kada kowa ya ƙirga mini kwana. Na fasa tayil ɗin ƙasa gaba ɗaya da layi biyu na bango. Simintin da ke ƙarƙashi ya yi baƙi, yana wari kamar gindin randa. Na bar shi ya sha iska har ya bushe. Na gyara gangaren ya nufi magudana, kamar santimita 2 a kowace mita, don na farko ruwa yana kwanciya a lungu. Na shafa maganin hana ruwa sau biyu, na manna ƙyallen raga a kowace kusurwa, na ɗaga shi sama da inda ruwa ke fantsama. Sannan na toshe magudana na cika ƙasan da ruwa na bar shi awa 24. Washegari na sauka falo na ɗaga kai na daɗe ina kallon dekin. Babu ko ɗigo.

Da na mayar da tayil, na sa 'yan giciyen roba na milimita 3, na jira kwana ɗaya kafin in cike layi. Kusurwoyin kuwa na bar su fayau, duk filan da ya faɗa ciki na ƙwaƙule shi da wuƙa tun yana ɗanye. Na share ƙura, na goge da sifirit, na jira ya bushe ƙarau. Na manna salatif na takarda a gefe da gefe, na yanke bakin kwalbar a karkace daidai faɗin ramin, na ja layin daga wannan kwana zuwa wancan ba tare da na ɗaga hannu ba. Na tsoma yatsa a ruwan sabulu na bi ta kai sau ɗaya, na yaye salatif nan take kafin saman ya fara yin fata. Silikon na banɗaki na saya da kuɗina, mai maganin baƙin fumfuna. Warin tsaminsa ya cika ɗakin har ido yana yaji. Na kulle ƙofa na jefa makulli a aljihu. Ango ya ce ai a jikin kwalba awa 24 aka rubuta. Na ce masa, "Yallaɓai, hunturu ake yi. Silikon da laimar iska yake nuna, iskar kuwa a bushe take. A ƙara mini kwana ɗaya." Bai ji daɗi ba, amma ya haƙura. Wannan banɗakin shi ne aikin da na fi alfahari da shi a duk shekarun nan, kuma sauran ukun ma daga baya ni Alhaji ya ce in buɗe in sake.

Sauran abubuwan da na tsinta a hanya ba su da tsawo. Filan da ya fara daskarewa a kwano ba a ƙara masa ruwa, zubarwa ake yi. Da hunturu a ɗan yayyafa wa layi ruwa don kada ya bushe da wuri ya yi gari. Sabon silikon ba ya kama tsoho, sai an kankare shi duka. Mai warin tsami yana ɓata mabul, akwai wanda ba shi da wari don irin wannan. Baho ana cika shi da ruwa kafin a ja masa layi, don nauyi ya buɗe ramin. Wani abin da ake miƙo maka a shago da sunan silikon akirilik ne na tsagar bango, a karanta jikin kwalba. Kuma duk abin da mai gida ko oga ya ce a cire daga aiki, a sa shi ya faɗa a saƙon waya.

Ba zan zama butulu ba. A hannun mutumin nan na koyi yankan da'ira a bakin bututu ba tare da tayil ya fashe ba, kuma har gobe ban ga wanda ya fi shi iya fitar da layi a ɗakin da birkila ya karkatar ba. Ya ciyar da ni, ya je ɗaurin aurena. Abin da na jira wata 8 kalma ɗaya ce, ko a cikin mota, ko babu kowa a wurin: "Ni na ce ka yi haka." Washegarin ranar da ya tozarta ni ya sayo mini shinkafa da wake da kifi, abin da bai saba ba. Na gane abin da yake nufi, na ci. Maganar dai ba ta fito daga bakinsa ba har ranar da na ɗauki buhuna.

Shekaranjiya ƙanin Alhajin ya kira ni da kaina, banɗaki 3 a sabon gininsa. Na rubuta masa lissafi, maganin hana ruwa da silikon kowanne a layinsa, da kwanakin jira. Ya duba ya ce a cire waɗannan biyun, wani mai tayil ya ce masa ba dole ba ne. Na ce, "Alhaji, in an cire su ba zan iya aikin ba, ka yi haƙuri." Ya ce zai yi shawara, har yanzu bai kira ba. Ranar Litinin dai ina da wani ƙaramin banɗaki a Hotoro, na riga na sayo kwalba biyu suna cikin buhu.