Na gode, na gode: saƙo daga Zariya bayan dawowata daga Iowa

Alhamdulillahi, na iso gida. Ina Samaru, a ɗakin Inna, an hana ni ko ɗaga buta. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, don Allah ku yi min uzuri, bashin barci nake biya. Duk kun san abin da ya faru, kun bi ni da addu'a tun ranar da Yaya ya sanar cewa maleriya ta kama ni a Amurka an kwantar da ni, saboda haka ba zan sake kwaso labarin daga tushe ba. Ƙarfin yin hakan ma babu.

Godiyata ta farko bayan ta Ubangiji, ga Mamata ta Amurka take. Na san ba a saba ware mutum ɗaya a yaba masa a bainar jama'a ba, amma yau sai an yi haƙuri da ni. Gidanta na zauna ina 'yar sakandare, lokacin da shirin YES ya kai mu, shirin nan da Amurka ta kafa bayan harin 11 ga Satumba 2001 don ɗaliban ƙasashen Musulmi su zauna shekara guda a gidajen Amurkawa. Da jami'ar da ke garin Ames a jihar Iowa ta karɓe ni zuwa horon sanin makamar aiki a kan irin masara, na rubuta mata ta taimaka min da neman ɗakin haya mai sauƙi. Amsar da ta turo gajeriya ce: ɗakina na nan, kuma kada in ƙara yi mata maganar haya.

A daren da jikin ya rikice, ita ta lulluɓe ni da bargo biyu ana tsakiyar zafin Yuli, ta sa ni a mota. A asibiti da farko mura mai tsanani suka ɗauka. Ban ga laifinsu ba. A duk faɗin Amurka masu maleriya wajen 2,000 ake samu a shekara, kusan dukkansu matafiya, alhali mu nan Najeriya sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya a wurinmu suke, ko yaron kemis ya kalli idonka ya gane. Mama ce ta kafe a gaban teburinsu tana nanata cewa daga Najeriya yarinyar nan ta zo, a duba jininta. Da sakamako ya fito maleriya ce, allurar maganinta ta artesunate da ake yi mana nan a kowane babban asibiti sai da aka aiko da ita daga wani gari.

A cikin jiran nan ne tsoro ya kama ni. Ba mutuwar ba ce ta fi tsaya min a rai, Allah ya sani. Tunanina wa zai yi min wanka, wa zai sa min likkafani, wa zai sallace ni a garin da ko kiran salla ba na ji sai a waya. Na faɗa mata haka, haƙorana na haɗuwa. Da wata ce cewa za ta yi in bar wannan magana, zan warke. Ita kuwa jakarta ta buɗe, ta ɗauko biro da bayan wata takardar kanti, ta ce in faɗa mata komai dalla-dalla. Ta rubuta cewa mata Musulmi ne za su wanke ni, ba a ƙona gawa, ba a jinkirta binnewa, fuska ta kalli alƙibla. Hannunta na rawa, rubutun duk ya karkace, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ninke takardar ta sa a aljihun rigarta, sannan ta fita ta kira masallaci. Matar da ba ta fashin coci ranar Lahadi ke nan. Kafin gari ya waye ga mata biyu daga masallacin Ames a bakin gadona, ɗaya 'yar Sudan ɗaya 'yar Malesiya, da hijabi da carbi.

Da asubar can, hantsi ya riga ya yi a Zariya, don awa shida ke tsakani a wannan lokacin na shekara. Ta kira Inna ta kara min wayar a kunne. Inna ba ta jin Turanci, Mama ba ta jin Hausa. Inna na ta jero addu'a, duk inda ta numfasa sai in ji Mama ta ce amin.

Baba, mijinta, ba mai yawan magana ba ne. Shi ya zauna da tulin takardun inshora, yana kira ana ajiye shi a layi yana sake kira, har aka daidaita, ban taɓa ganin lissafin kuɗin da idona ba. Wanda ya san tsadar asibiti a Amurka ya san abin da aka ɗauke min. Da na fara samun sauƙi shi ke zagayawa da ni a tsohuwar motarsa, masara hagu da dama har iya ganinka, yana faɗa min babu jihar da ta kai Iowa noman masara a Amurka. Yana alfahari da Norman Borlaug, masanin noma ɗan jiharsu da ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Ranar da na gaya masa shirin bunƙasa noma na Sasakawa da Borlaug ya jagoranta ya shigo arewacin Najeriya tun 1992, har mahaifina ya ga gonakin gwajinsu, sai da ya taka birki ya juyo ya dube ni. Allah ya ƙara maka lafiya, Baba.

Abokan aikina na gonar gwaji, ban san da wane baki zan gode muku ba. Haɗa auren masara da hannu ba ya jiran mara lafiya. Sai an rufe goyon da 'yar jaka kafin gemun ya fito, a ɗaure furen saman kara da jakar takarda, washegari da safe a kaɗe garin a zuba a kan gemun. Kwanakin kaɗan ne, in suka wuce sai baɗi. Kuka raba layukana a tsakaninku a kan naku aikin, cikin wannan rana. Da na dawo na tarar da sunana rubuce a jikin kowace jaka. Ba don ku ba, da hannu rabbana zan dawo Samaru.

Malamina na nan da ya tsaya min a sashenmu, Kawu na Tudun Wada da ya yanka rago aka yi sadaka, makarantar Islamiyyar unguwarmu da suka sauke Alƙur'ani, ƙawayena da suka hana Inna zama ita kaɗai, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Muna da 'yan uwa na jini a Amurka, wasu tafiyar yini ɗaya a mota ma ba ta kai ba. Na san hidima ta yi wa kowa yawa a can. Saƙon gaisuwar da aka turo bayan an sallame ni ya iso, na gode.

Ya Allah, yadda Mama da Baba suka riƙe ni, ka riƙe su a tsufansu. Ka ba su lafiya, ka raya musu jikoki, ka haska zukatansu. Ka saka wa ma'aikatan jinyar da suka kwana a kaina. Ka ba Inna tsawon rai, ka share mata hawayen da ta zubar. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, da waɗanda ciwo ya kama a ƙasar da ba su da kowa, Allah ka tashi kafaɗunsu, ka haɗa su da mutanen kirki. Amin.

Masu tambayar yadda ake neman horon, na ga saƙonninku, zan amsa ɗaya bayan ɗaya in na ƙara murmurewa. Masu son zuwa dubiya kuma, bayan la'asar ya fi, Inna ta kafa doka.