Sashe-sashe muka bi da sabuwar manhaja

Alhamdulillah, yau sashen ƙarshe na babban ofis ya hau sabuwar manhajar Odoo, wadda ke haɗa lissafin kuɗi, sito da ciniki wuri ɗaya, a kamfanin rarraba kaya da nake wa aiki. Tun farko oga ya so a kunna komai rana ɗaya. Sai na ba shi labarin Hershey, kamfanin cakulan na Amurka, da ya yi hakan da tasa sabuwar manhajar a 1999, kayan kusan dala miliyan 100 suka kasa isa ga masu oda. Ya yi shiru.

Muka fara da akantoci, sai sito, sai masu sayarwa. Duk sati biyu mu nuna abin da muka gina, masu aikin su gwada da hannunsu, su ce ga inda ya cije. Kullum da safe taron minti 15, a tsaye fa, don kada a yi dogon turanci.

Tsofaffin bayanai ne suka fi ba mu wuya. Kwastoma ɗaya sunansa uku a littafi: na yanka, Alhaji wane, da laƙabinsa na kasuwa. Baba mai sito ne ya warware mana su, shi da ake cewa bai iya kwamfuta ba.

Saura rassa, can kuma matsalar sabis ce.