Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Gilashin Marsandin Alhaji

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya ɗauke ni zuwa garejinsa na Tudun Wada bayan sadakar arba'in ɗin mahaifina, Malam. Na so in bi shekarun daki-daki, amma maganar gilashin nan ta tsaya mini a rai, don haka zan tsallaka zuwa ƙarshen 1986. 'Yan gidanmu duk sun san labarin, sai dai daga bakin Yaya, ɗan Baffa, suka ji shi. Yau su ji daga nawa.

Garejin Baffa na gyaran jikin mota ne, bugun ƙarfe da fenti, amma a kan ƙofa ya yi suna. Ƙofar da ta sauka, makullin da ya ƙi kamawa, gilashin da ya maƙale a rabi, har daga Zariya ana kawo masa. Kaduna a lokacin garin Peugeot ce. Tun 1975 kamfanin PAN ke haɗa 504 a Kakuri, ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban haya kowa ita yake ja, kayanta kuwa ko'ina ka juya akwai su. Da 504 aka kawo ranar, da maganar ba ta kai gida ba. Marsandi 200 ce, ta wani Alhaji ɗan kwangila, tsohon abokin cinikin Baffa. An kuma kawo ta ne 'yan watanni bayan gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar canjin kuɗi a watan Satumba, Naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi.

Kukan direban shi ne gilashinsa na tashi a karkace, bakin baya ya riga na gaba, sai ya riƙa murɗawa da hannu ɗaya yana jan gilashin da ɗayan. Baffa ya murɗa sau ɗaya, ya kara kunne, ya ce mini, "Ɗan nan, buɗe ta. Aikinka ne."

Na cire hannun murɗawa da majinginar hannu, na ɓamɓare kwalin ƙofar a hankali don kada kilif ya karye, na ɗage ledar da ke bayansa ba tare da na yaga ta ba. Ledar nan yaran yanzu fizge ta suke yi su jefar, alhali ita ke hana ruwan da ke gangarowa ta cikin ƙofa jiƙa kwali. Damina ɗaya kwalin zai kumbura ya kama wari, mai mota ya rasa daga ina abin ya fito. A ciki na tarar da abin da Baffa ya riga ya ji da kunne. Injin gilashi na wancan zamani ƙarfe ne zalla: faifai mai haƙora, ɗan ƙaramin giya da hannun ke juyawa, da hannuwan ƙarfe masu tura gindin gilashin sama. Tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare ya zama dutse a tsakanin haƙoran. Robar da gilashin ke bi a gefen gaba ta yage, ta tattare wuri ɗaya, shi ya sa bakin gaba ke cijewa na baya na tafiya. Na fitar da injin na wanke da kananzir da tsohon burushin haƙori har haƙoran suka fito fes, na shafa sabon giris daidai misali, na mayar. Na zare yagaggiyar robar. Notunan na ɗaura su da yatsa kawai, ban ɗora musu sifana ba.

Dalili kuwa maganar Baffa ce, wadda duk wanda ya zauna a garejin ya haddace: "A bar gilashi ya zaɓi mazauninsa, sannan a ɗaure." Ramukan da notunan ke shiga an yi su da 'yar rata da gangan. Gilashin ƙofa a lanƙwashe yake, ƙofar kuma bayan shekaru tana buɗuwa tana rufuwa a kan ramukan hanyoyinmu ba ta zama yadda ta fito daga kamfani. Idan ka ɗaure gilashi na ƙasa, kintace ka yi. Sai ka sa roba, ka ɗaga gilashin a hankali har ya shige robar sama ya zauna sosai gaba da baya, a nan ne injin zai gusa da kansa ya tsaya inda ya dace. To sannan ka ɗauko sifana goma. Ka sauke, ka ɗaga, ka watsa ruwa daga waje ka duba ko zai shiga.

Robar ce babu a gareji. Baffa ya ba ni kuɗi ya ce in je Panteka in nemo, shi kuma ya tafi jana'izar wani maƙwabci. Na bar gilashin a ƙasa cikin ƙofa. Hannun murɗawar ma na ɗauke shi na jefa cikin akwatin kayan aiki, don kada wani ya zo wucewa ya taɓa. Wannan ina so a riƙe shi, domin a labarin Yaya ba a taɓa ambaton hannun nan ba.

Ina dawowa da roba a hannu na hango mutane sun kewaye motar. Gilashin ya zube a cikin ƙofa da kan kujera kamar an zazzage buhun gishiri. Direban ne ya dawo da wuri, wai Alhaji zai tafi Kano ɗaurin aure. Yaya ya ga damar samun na goro, ya ce aiki ai ya ƙare. Ya ɗaure notunan tamau, ya nemo hannun ya sa, ya murɗa. Gilashin ƙofa dafaffe ne, fuskarsa tana ɗaukar duka, amma bakinsa ba ya jure gogar ƙarfe. Ya tashi a karkace, ba roba, bakinsa ya ci karo da tsiraicin ƙarfe, Yaya ya ƙara ƙarfi.

Baffa ya iso bai ce da kowa uffan ba. Ya tsugunna ya zura hannu cikin ƙofar ya gwada noti da yatsa. Bai motsa ba. Ya gwada na biyu. Ya ɗago ya dubi robar da ke hannuna, ya dubi hannun murɗawar da ke maƙale a ƙofa, sannan ya ce, "Wa ya ɗaure?"

Yaya ya ce, "Baba, yadda ya bar ta haka na same ta."

Na ce, "Baffa, wallahi da yatsa na bar su."

Mutumin da ke gane ciwon ƙofa da kunne bai rasa gane wannan ba. Na ga fuskarsa, ya sani. Amma ya juya wurin direban ya ce, "A ba Alhaji haƙuri, yaro ne, hannunsa bai nuna ba." Ni yake nufi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna, kun san ta, ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kamawa, balle ta tsaya gaban ƙanin mijinta ta kare ni. Ba ta tambaye ni kome ba. Da safe ta sa aka ja tunkiyarta da ɗanta zuwa Zango aka sayar, ta ƙulle kuɗin a gefen zane ta ba Gwaggo ta kai wa Baffa, ta ce kada a ce maraya ya zo ya karya masa jari. Tunkiyar nan ita Malam ya bar mata. Baffa kuwa ya karɓa. Da ya mayar da kuɗin, da tuni na binne maganar. Ya karɓa, ya cika da nasa, aka sayo gilashi, kuma ni ɗin da hannuna bai nuna ba ni ya ce in ɗora shi. Yana tsaye a kaina ina ɗagawa, har ya buɗe baki ya ce, "A bar gilashi ya zaɓi mazauninsa," a gaban Yaya, shi kuwa yana can yana goge fitila abinsa.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu. Na yi aiki, an yaye ni, na koma Kano.

Lokacin da motocin Kwatano suka cika gari, sana'ar ta sauya a hannunmu. Golf 3 da ire-irenta ba su da faifai mai haƙora. Waya ce ta ƙarfe ke naɗuwa a kan ɗan gangan roba, ta bi ta 'yan tayoyi ta ja gilashin, kuma abin da ke riƙe da gilashin kansa roba ce. Zafin Kano na gasa robar nan ta bushe, wata rana mai mota ya danna ya ji ƙas, gilashi ya sulale cikin ƙofa. Da yawa daga cikin tsararrakina sun bar wa masu gyaran wutar mota aikin, ni na ƙi. Na koyi cewa idan ka danna makunni kana jin injin na kuka gilashi bai motsa ba, waya ce ta tsinke ko roba ta karye. Idan shiru ne amma fitilar cikin mota ta ɗan dushe, wuta na isa, injin ne ya cije. Idan shiru ne fitila ba ta ko ƙifta ba, ka duba fis, ka duba makunni, sannan ka buɗe robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, a nan wayoyi ke karyewa saboda buɗewa da rufewa. Sau da yawa an kawo mini motar da aka riga aka sa mai ita ya sayi injin gilashi na Beljiyam a Ƙofar Ruwa, alhali waya ɗaya ce ta katse a wannan lungu. Abin da ke ƙona mini rai kuwa shi ne yaron da zai tsiyaya baƙin mai a robar gilashi wai don ya yi santsi. Kwana biyu zai yi santsin, daga nan robar ta kumbura ta kwashi ƙura ta riƙe gilashin, injin ya yi ta ja har ya ƙone. A shagona duk yaron da na kama da wannan, ranar ba shi da kuɗin abinci.

Ko a kan waɗannan na zamani maganar Baffa ba ta tsufa ba. Kusoshin da ke matse gindin gilashi ba a ɗaure su sai gilashin ya hau ya zauna. Da bakinsa nake faɗa wa yarana, har muryarsa nake ji. Mutumin da ya ba ni abin da nake ci da iyalina ke nan, kuma shi ne ya karɓi kuɗin tunkiyar Inna. Duka biyun ina ɗauke da su.

Sau ɗaya ya zo shagona, shekarar da ya zo Kano ganin likitan ido. Ya zauna a benci yana kallo ina saita gilashin wata Honda. Da na gama ya tashi ya danna da kansa, ya saurara, ya ce, "Ɗan nan, a duk yaran da na koyar babu mai hannunka." Na ce, "Albarkacinku ne, Baffa." Na tsaya ina jira ya ƙarasa. Sai ya tambayi ina ake alwala.

Ya rasu a 2009. A zaman makoki, rana ta uku, ana tuna halayensa, Yaya ya ɗauko labarin haƙurin Baba, yadda wani yaro ya fasa gilashin Marsandi a zamanin tsada amma ko tsawa bai yi masa ba. Ya nuno ni da baki, jama'a suka yi murmushi. Ina da 'ya'ya a zaune a wurin. Na yi shiru saboda darajar mamaci, amma tun daga ranar ban sake cin abinci kwano ɗaya da Yaya ba.

Gwaggo ta aiko mini cewa in bar tone-tone, zumunci ya fi gilashi. Gwaggo, ke kika kai kuɗin da hannunki, kin san nauyinsu. Baffa na yafe masa tun yana da rai, ina kuma yi masa addu'a bayan kowace salla. Yaya kuwa ba kuɗi nake nema a wurinsa ba, ba tunkiya ba. Inna tana nan da ranta, kunnenta na ji. Ya je ɗakinta ya durƙusa ya ce mata shi ya ɗaure notin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda aka yaye ni, da abin da ya faru da akwatin kayan aikin da Baffa ya ce nawa ne.