Talata: Hajiya da kalsiyam

Da safe na yi dariya har na ƙware, yanzu kuma ga ni zaune raina ba daɗi.

Ummi ce. Tun da aka sa ranar bikinta ta ɗaura yaƙi da tuwo. Shayi ba sukari da safe, kokwamba da rana, da dare ta ce ta ƙoshi. Yau a kicin ta rage murya ta ce, "Yaya, wata biyu ke nan ban ga al'adata ba, ga sanyi da nake ji." Na dube ta. Rigar sanyi ce a jikinta, a watan Afrilu, a Kano!

Ni kuwa semina ta jibi ta cika min kai, maimakon in zaunar da ita sai na buɗe mata aji. Na ce haifotalamas, can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke aika homon GnRH, wato sinadarin saƙo na jiki, ɗigo-ɗigo zuwa fituwitari da ke ƙasansa, wanda bai wuce ƙwayar wake ba, shi kuma ya saki LH, homon da ke taimakawa wajen tafiyar da al'adar mace. Kuma ƙwayar halittar haifotalamas ba ta sakin homon sai kalsiyam ya shigo mata. Wanda ke waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000, 'yan ƙofofi ne a bangonta suka tare shi. Saƙon lantarki na zuwa sai su buɗe, ya kwararo, jakunkunan homon su zazzage. In yunwa ta daɗe, leftin, homon da kitse ke fitarwa, ya ja baya, girelin, homon yunwa na tumbi, ya yi sama. Har na kawo mata aikin da aka wallafa a 2015 daga La Plata ta Ajantina, inda aka ga mai karɓar girelin yana rage shigar kalsiyam ta ƙofofin CaV2.1 da CaV2.2 a jijiyoyin haifotalamas. Ta yi min ƙuri, wuƙar yanka albasa a hannunta.

Ashe Hajiya na bakin ƙofa. Allah Ya so farkon maganar ba ta ji ba.

"Kalsiyam? Ba shi ne na cikin nono ba?"

"Hajiya, ba ƙarancinsa ba ne, ƙofar shigarsa ce."

"Ƙofar gidan wa? Ku dai 'yan boko. Sani! Zo ka sayo kindirmo da fura."

Ta tsaya a kan Ummi har ta sha rabin kwano. Ni ina gefe ina dariya. Sai da na hau adaidaita na gane ta riga ni: abin da ƙwaƙwalwar yarinyar ke jira ke nan, abinci.

Makaranta ba labari. Malam bai zo ba. Zafi.

Da yamma ina gyara silaid na koma kan gwajin yunwa na Minnesota na masani Ancel Keys, wanda aka fara a 1944: maza 36, wata shida ana ba su kusan rabin abincinsu. Sanyi ya dame su, bugun zuciya ya ragu, sha'awa ta ɗauke, hirarsu duk ta koma girki. Ummi ma kwanan nan ba ta da aiki sai kallon bidiyon girki a waya. Na gani, ban ce komai ba.

Abin da ya tsaya min a wuya ma ba shi ba ne. Makon jiya da tela ta kawo kayan kamu, ni ce na ce, "Kai Ummi, ramar nan ta karɓe ki." Har na ƙara da zolayar cewa tun 1935 wani masani mai suna McCay ya nuna ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi daɗewa a duniya. Ban ce mata nasa ɓerayen an cika musu sinadaran gina jiki ba, sun kuma tsumbure. Ta yi murmushi, daren nan ko shayin ba ta sha ba.

Na leƙa ɗakinta ɗazu, ta yi barci da safa a ƙafa. Gobe ƙarfe takwas zan kai ta wajen likita, na ce wa Hajiya kasuwa za mu. An ɗauke wuta, silaid 11 na gama cikin 20.